Ƙofar da Ke Bayan Murhun Dada

A gidan da na tashi a Garwa, ban taɓa ganin an sayi ashana ba sai da na yi wayo sosai. Ba talauci ba ne. Babanmu yana da rumfar shadda da atamfa a babbar kasuwa, kuma fatauci ne ya kawo kakanninsa daga Kano tun kafin a ja wani layi a ce nan ce iyaka. Dalilin shi ne, a katangar bayan gidanmu, daf da murhun kakarmu, akwai wata 'yar ƙofa wadda babba sai ya sunkuya yake wucewa. Ta nan ake ɗibar wuta. In tamu ta mutu, a miƙa mini fasasshen kasko in je gidan baya in ɗebo garwashi. In tasu ce ta mutu, sai dai ka ga hannu ya ɓullo da kasko, ko sallama ba a tsaya yi.

Gidan bayan nan na Goggo Asabe ne, ƙanwar Babanmu, autar kakarmu. Mijinta Kawu Bello tela ne, mutumin Yola. Ya zo Garwa yana saurayi, ruwan garin ya karɓe shi, ya zauna. Gidajen biyu sun ba juna baya, tamu ƙofar tana kallon titi, tasu tana can cikin wani lungu, kuma matan aure a irin gidajenmu ba sa fita zagaye da rana. Saboda haka da aka ɗaura auren, kakarmu ta kira magini da kanta ta sa ya huda katangar. An ce Baba ya so ya yi magana, ta ce masa: "Na ba da 'ya, ban ce na ba da ganinta ba."

Sunanta Hajja Mairo, amma Dada muke ce mata, yadda 'ya'yan Fulanin unguwa ke kiran iyayensu mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta ja wur da goro, bakinta kuwa ba ya barin kowa ya wuce lafiya. Ni da yake ina zuwa lekol, makarantar bokonmu ta Faransanci, kuma ba na jin magana ban tambayi dalilinta ba, sai ta laƙaba mini Madam Purkuwa, wato "don me" da Faransanci. Har ta rasu ban ji ta kira ni Hadiza ba, sai in rashin lafiya nake yi.

Idan an idar da sallar isha'i, sanyin kogin Binuwai ya fara shigowa gari, sai ta tura wani guntun itace cikin murhu, ta watsa gyaɗa a toka. Yaran gidan baya su yi ta ɓullowa ta 'yar ƙofar ɗaya bayan ɗaya. Goggo Asabe kuma tana da wurin zamanta da ba mai taɓa mata: bakin ƙofar kanta. Jikinta yana gidan mijinta, ƙafafunta suna gidanmu, don kada wani ya ce ta fita ba izini. Dada takan jingina da katanga, kafaɗarta na taɓa gwiwar 'yarta, sannan ta gyara murya ta buɗe tatsuniya.

"Ga wata baƙuwa nan tafe, ku matsa mata."

Mu kuma mu haɗa baki: "Ta shigo, tabarma da faɗi."

Haka muke har shekarar da ƙasarmu da Najeriya suka sa juna a gaba kan wani yanki na bakin teku, can kudu, wanda babu ko mutum ɗaya a gidanmu da ya taɓa ganinsa. Baba ya koma kwana da rediyo a kunne. Yau a ce Faransa ta turo mana sojoji don ta tsaya mana, gobe a ce a'a, kallo kawai suka zo yi, ai suna da rijiyoyin mai a can ɗaya ɓangaren ma. Mu yara ba mu gane komai ba. Abin da muka gani shi ne jandarmomi sun yawaita a bakin gada da ƙofar kasuwa, suna tare mutane suna tambayar papiye, wato takardun shaida. Mai suna irin namu, mai hula irin ta Baba, sai ya nuna kati sau biyu kafin a yarda ɗan ƙasa ne. Kawu Bello kuwa katin zamansa na baƙo ya daɗe da mutuwa, don a da ba wanda ke tambaya.

A lokacin ne wani jami'in jandarma ya fara zuwa zaurenmu. Ajidan kawai muke ce masa, muƙaminsa ke nan. Ya fara da sayen shadda, ya koma cin tuwo. Mutum ne mai fara'a, yakan ba mu alewa, amma ni tun farko na tsani yadda idonsa ke yawo a gida yana dariya. Wata rana na kai musu ruwan wanke hannu na ji yana cewa da Hausarsa ta kasuwa:

"Alhaji, sunanka mai kyau ne a wurinmu, ni na tsaya maka. Amma gida biyu mai ƙofa a tsakani, a doka gida ɗaya ne. In an zo kame, baƙo marar papiye ya faɗo gidanka, rumfarka ta tafi, kai ma ka tafi. A nan hannuna ba ya kaiwa."

Shi ma Kawu Bello ashe ya sami nasa mai tsaya masa. Wani attajiri ne mai manyan motoci da ke jigila tsakanin Garwa da Yola, ana ce masa Alhaji Mai Tirela. Shi kuma abin da yake faɗa wa Kawu shi ne: surukinka ya zama ɗan gidan jandarma, da wa kake tsammani suke hira in suna cin tuwo? Ka bar komai a hannuna, in ta ɓaci ni zan fitar da kai. Wannan Goggo ce ta raɗa wa Dada, ni kuma ina kusa ina yi kamar tsintar gyaɗa nake.

Baba da Kawu suka daina gaisawa sai daga nesa. Sannan wata ranar Laraba Baba ya shigo ya ce ya yi magana da magini, ranar Asabar za a toshe ƙofar, na ɗan lokaci ne kawai, har ƙura ta lafa. Sai Dada ta aike ni in ce masa yau ya zo ya sha shayinsa a tsakar gida, zaure ya yi sanyi. Ya zo ya zauna can gefe da rediyonsa. Goggo tana bakin ƙofa, cikinta ya tsufa, da ƙyar ta sami yadda za ta zauna.

Daren nan Dada ba ta watsa gyaɗa ba. Ta ce baƙuwa na tafe, muka ce ta shigo, ta fara.

Wai Kurege da Gafiya maƙwabta ne a gindin wata tsamiya. Raminsa yana kallon gabas, nata yana kallon yamma, amma a can ƙarƙashin ƙasa akwai wata 'yar hanya da ta haɗa su. Ba don ƙauna suka haƙa ta ba, don suna faɗa kamar kowaɗanne maƙwabta, yau kan gyaɗa, gobe kan 'ya'ya. Sun haƙa ta ne saboda masu farauta. In aka hura hayaƙi a ƙofar Kurege, ya fita ta gidan Gafiya. In ruwa ya ci ƙofar Gafiya, ta fita ta gidan Kurege.

Wata shekara suka yi faɗa kan wata jijiyar rogo da ta ratsa tsakaninsu. Sai ga Gamsheƙa ya zo wurin Kurege, ya yi sallama da ladabi. Ya ce ya ji an raina shi, kuma shi ba ya son ganin zalunci. Zai kwanta masa a ƙofa, ba ya son lada, ƙwai ɗaya kawai in an samu. Da Gafiya ta leƙo ta ga maciji a ƙofar maƙwabcinta, sai ta koma ciki da gudu. Kafin rana ta faɗi sai ga Tunku, wanda duk daji ya san ba ya ga maciji. Ya ce mata: kin ga abin da ya kawo miki? Ni ne maganinsa, bar ni in zauna a taki ƙofar.

"To," in ji Dada, "kowane mai gadi da sharaɗinsa, kuma sharaɗin ɗaya ne. Gamsheƙa ya ce, ina tsare gaba, baya a buɗe? Tunku ma ya ce, ina tsare gaba, baya a buɗe? Kurege ya tura ƙasa daga nan, Gafiya ta tura daga can. Kowa ya yi barci da daɗi ranar."

Rani ya yi tsanani, ruwa ya ƙafe sai wani ɗan kududdufi guda. Wata safiya Kurege ya leƙo, sai ya ga Tunku ne kwance a ƙofarsa. Ya ce lafiya? Tunku ya ce lafiya lau, mun haɗu da Gamsheƙa a bakin ruwa mun daidaita, yanzu ni ne naka, shi ne nata. Kurege ya ce ai ba a tambaye ni ba. Tunku ya yi hamma, ya bar shi ya ga haƙoransa, ya ce ƙwai biyu ne nawa.

Muka yi dariya a nan, don Dada ta yi hammar har da lanƙwasa harshe. Baba bai yi ba. Na lura ya rage muryar rediyon.

Sai masu farauta suka sa wa daji wuta. Masu gadi su suka fara jin ƙaurinta, da yake a waje suke, kuma kowannensu yana da gidansa a wani dajin. Ba su ko yi sallama ba. Hayaƙi ya cika ƙofar gabas, ya cika ta yamma. Kurege ya ruga can ƙarshen rami inda tsohuwar hanya take, ya fara tono da duk ƙarfinsa. Yana cikin tono sai ya tsaya. Daga ɗaya ɓangaren yana jin ƙarar farce, ƙarat, ƙarat, ƙarat, ana tahowa wajensa.

Dada ta sa farcenta a jikin katangar tana kartawa a hankali. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

"Kurege ya ce, shi ke nan, Gafiya ta turo mini maciji ta baya. Ita ma can ta ji nasa tonon, ta ce ya turo mata Tunku. Saura ɗan taƙi tsakaninsu. Sai kowa ya juya, ya mayar da ƙasar da ya tona, ya danne da ƙafa, ya ƙara da duwatsu."

Ta janye hannunta daga katangar. Muka jira. Wuta tana ta cin itacen.

"Sai me, Dada?"

"Sai me kuwa? Na sauke ta nan, wanda ya ɗauka tasa ce."

Ban yarda ba. Tatsuniyoyinta duk suna ƙarewa da wani ya tsira, ko da wutsiya a gutsure. Na ce: "Dada, don me Kurege bai yi magana ba? Ya ce Gafiya, ke ce?"

"Madam Purkuwa ta fara," in ji ta, amma ba da wasan da ta saba ba. Ba ni take kallo ba, ɗanta take kallo. "Wanda ya daɗe yana sauraron mai gadi, ko muryar uwarsa ya ji a bayan katanga sai ya tsaya yana shakka."

Baba ya miƙe, ya ɗauki rediyonsa. Ya ce: "Dada, ki yi haƙuri. Bakin mutum goma sha nake ciyarwa, ba tatsuniya nake ciki ba." Ban ga fushi a fuskarsa ba, tsoro na gani, kuma ranar ce na fara sanin cewa manya ma suna jin tsoro.

Ranar Asabar magini ya zo da bulo da siminti. Ya cire 'yar ƙyauren, sai ya tsaya yana kallon Baba. An riga an jera bulo daga can ɓangaren, laka ko bushewa ba ta yi ba. Kawu Bello ya ji labari ya riga mu. Baba ya ce to ka gani, ya sa magini ya yi namu layin a kan nasu, ko da yake simintin bai isa ba, da laka aka ƙarasa. Da yamma aka aike ni kanti na sayo ashana. Dada ta juya kwalin a hannunta, ta ajiye, ta ce wani ya kunna.

Daga nan ta ɗauki wata al'ada. Kullum bayan isha'i sai ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa katangar, can sai mu ji an amsa daga baya. Shi ke nan hirar tasu. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma rabin masu sauraro babu, kuma takan manta inda ta tsaya.

Wata asuba, ana cikin kiran salla, muka ji ƙarar babbar mota a lungun baya da muryoyin maza. Sannan muka ji wani abu a jikin katangar. Ba ƙwanƙwasawa ba ce. Karta ce, da ƙarfe, ana tono da sauri.

Baba ya fito da buta a hannu. Ya saurara, ya ce a hankali: "Kame ne. Sun zo kama Bello, zai faɗo mana." Dada tana kan sallaya. Ta ce: "Asabe ce." Ya ce: "Dada, in suka shigo duk mun tafi." Ya kinkimo buhunan masara daga rumbu, ya jingina su a wurin, ya turo turmi ya danne, ya ce kada wanda ya yi tari. Dada ta yunƙura za ta tashi, ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannuwanta biyu yana cewa don Allah, don Annabi. Ta dube shi, ta koma ta zauna. Kartar ta ci gaba, ta tsaya, aka yi wata 'yar ƙara kamar an kira suna, sannan motar ta tashi.

Da gari ya waye muka ji babu wani kame. Alhaji Mai Tirela ne ya zo ya ce wa Kawu an sa sunansa cikin waɗanda za a kama, in bai fita yau ba gobe sai gidan yari, ya kwashe su zuwa Yola da abin da hannu ya iya ɗauka. Gidan kuma ya karɓa, wai zai riƙe musu amana. Ba a yi wata guda ba aka fara sauke jarkoki a ciki, na man fetur ɗin da ake satar shigowa da shi daga Najeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa. Wanda ke zama a bakin lungun yana shan shayi ranar da ake sauke kaya kuwa, Ajidan ne. Na gan su da idona shi da Alhaji Mai Tirela, suna tafawa.

Ajidan ɗin ne kuma ya shigo har tsakar gidanmu, karo na farko, ya nuna murhun Dada da sandarsa. Ya ce: "Mama, ba wuta a jikin wannan katanga. Abin da ke baya, in ya kama, unguwa duka ta tafi. Don lafiyarku nake faɗa." Aka mayar da girki can kusa da zaure. Dada ba ta bi murhun ba. Takan zauna a tsohon wurinta cikin duhu, warin fetur yana ratso bulo, kuma ba ta sake ce mana baƙuwa na tafe ba. Ta rasu kafin Goggo ta yaye abin da ta haifa. Hanya a tsuke take lokacin, saƙo ya yi ta yawo a hannun direbobi, ko da ya isa an daɗe da share makoki.

Ƙasashen biyu daga baya sun shirya. Manyan duniya suka zaunar da su a wata ƙasa mai nisa, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Da masifar 'yan bindiga ta taso daga wajen tafkin Chadi, sai ga sojojinmu da na Najeriya a mota ɗaya. Amurkawa suka sauka a filin jirginmu na Garwa da jiragen da ba matuƙi, muna jin kukansu sama-sama kamar na sauro, aka ce tsare mu suka zo yi. Wata rana kuma aka ce sun rage, sun tafi. Yanzu ina sayar da atamfa a rumfar da Baba ya bari, rediyo a gefena kamar shi, ina jin maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya suna sallamar tsohon mai gadi suna shimfiɗa wa sabo tabarma. Wannan ya kori Faransa ya kira Rasha, wancan ya rufe iyaka da ɗan'uwansa don ya ga wanda ke kwance a ƙofarsa. Ba na cewa kowa ya zauna ba mai gadi, na ga abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanen Mora da Kolofata da suka gudo mana. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne, duk wanda ya zo, ƙofar baya yake fara tambaya.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Da na haifi nawa na rage, don na san abin da riƙe hannun uwa da roƙonta ya ci masa. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, amma bai sake cin tuwon masara ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan na je Yola na ga Goggo Asabe. Ta tsufa, ta koma Dada sak, har jan haƙoran. Muka yi kuka, muka ci abinci, muka yi hirar waɗanda suka mutu. Da za mu kwanta na kasa haƙuri, Madam Purkuwa ba ta mutu ba. Na ce: "Goggo, ran da za ku tafi, wa ke tona katanga?"

Ta dubi tafin hannunta.

"Ni ce. Da almakashin Kawunki. Suna ta loda kaya suna cewa in fito, na ce minti ɗaya. Ba shigowa zan yi ba, Hadiza, da wannan cikin ina zan bi? Bulo ɗaya na so in cire, in sa hannu ta riƙe, in ce ta yafe mini."

Na ce: "Kin cire?"

"Na cire namu, na tura naku ya motsa. Na zura hannu har kafaɗa." Ta miƙa hannun a gabana, yatsun suna lalube a iska. "Na ce Dada. Sai na taɓa buhu."